Tsaki a Baki, Littafi a Aljihu

Masu tsaki, ku gyara zama, yau da ku nake. Na sani ba kwa karanta littattafan soyayya. Kun faɗa a majalisa, kun faɗa a ofis, ko a gidan biki ba kwa barin mutum ya haɗiye lomarsa sai kun tuna masa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda wanda bai taɓa buɗe littafina ba zai tare ni ya ce, "Hajiya, amma fa ba ki yi wa yaron nan adalci ba, da kin bar masa yarinyar tun a littafi na biyu." Wane yaro, Malam? A ina kuka san juna? Nan take sai kame-kame: wai uwargida ce ta manta shi a kan kujera, wai dubawa kawai ya yi don ya ga irin ɓarnar da ake koya wa 'ya'yan mutane. Sannu da ƙoƙari. Mutum ya duba ɓarna tun daga bango har inda aka ce a haɗu a littafi na uku, sannan ya aiki yaro ya sayo na ukun, duk don kishin tarbiyya. Allah ya ba da lada.

To, tun da dai kun karanta, bari in faɗa muku yadda ake haɗa abin, don in za ku zage mu, ku zage mu da ilimi.

Ni ɓangarena shi ne soyayya mai ban dariya, kuma shi kuka fi rainawa. A ganinku wadda ta sa mutane kuka ita ce ta yi aiki. Ina! Sa mai karatu hawaye ba wuya. Kashe uwar yarinya a babi na ɗaya, kawo kishiyar uwa mai baƙin hali, ɗauko tsohon attajiri da doguwar mota, kafin a je ko'ina gefen mayafi ya jiƙe. Dariya ce ba ta zuwa a ɓagas. In a zaune ake, ido na ganin ido, ko labarinka lami ne za a yi maka kara a ɗan murmusa. Mai karatu kuwa shi kaɗai ne a ɗakinsa, ba ka gabansa balle ya ji nauyinka. Kuma duk Bahaushe ya taso da gwanin barkwanci a layinsu, ya kalli marigayi Ibro, ya zauna da kakarsa. Wanda ya sha irin wannan horo ba ka zuwa masa da tsohon zance ka ce ya dara.

Kuna zaton da kyawun yarinya nake farawa: dara-daran idanu, dogon hanci, gashi har gadon baya. Wannan a ƙarshe nake liƙa shi, wani lokacin ma sai masu karatu sun tambaya. Abin da nake fara rubutawa a saman takarda tambaya ce guda: wa ke jin kunyar wa, kuma wace magana ce ta zama dole a faɗa amma babu mai bakin faɗarta? In na samo wannan, na samu littafi. In ban samo ba, sai in ajiye biro in je in yi wanki.

Mu Allah ya hutar da mu ƙirƙirar shinge tsakanin masoya, shingen na nan a kowane gida. Ga zaure, ga ƙanen da ake aika, ga uban da ke dawowa daga sallar isha'i, ga gwaggon da ta zo kwana biyu ta share wata. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, miji na hango surukinsa ya sake hanya, budurwa kuma sai dai ta amsa da wasa da gefen gyale. Rabin maganarmu ta bakin ɗan aike take bi, shi kuwa ɗan aike abin da ya ga dama yake isarwa. Marubucin da ya rasa abin dariya a nan ya nemi wata sana'ar.

Bari ku gani da idonku. A rubutun farko, saurayi ya zo zance, ya aika yaro, budurwa ta fito, ya ce ta fi wata haske, ta rufe fuska. Wannan ko ni da na rubuta hamma nake. Sai in koma in tambayi kaina, me saurayin nan yake ɓoyewa? Malamin firamare ne, albashi bai shigo ba, ya ari babur ɗin abokinsa don ya fita kunya. Babur ɗin ja ne, madubinsa ɗaya a fashe, an ɗaure shi da roba. Abin da Malam bai sani ba shi ne, abokin nan nasa shi ma gidan yake zuwa a ɓoye, wajen yayar yarinyar.

Yanzu a sake. An ɗauke wuta, zauren duhu. Malam ya yafito ƙanen, ya danƙa masa naira hamsin, kunya ta hana shi kama sunan yarinyar, sai ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da Antinka." Yaro ya dubi kuɗin, ya dubi babur, ya ruga tsakar gida ya ƙwala kira: "Yaya, mai jan mashin!" Wadda ta saba fitowa in an ce mai jan mashin, ita ta yafa mayafi ta fito. Malam kuwa kwana da kwanaki yana haddar jawabi. Idonsa na kan takalminsa, ya zazzage duk abin da ke cikinsa, har da alkawarin turo magabata. Ita tun daga sallamarsa ta ji ba muryar da ta sani ba ce, amma ina bakin katse baƙo yana tsakiyar rantsuwa? Sai ga gyaran murya daga ƙofa. Baba ya dawo daga masallaci, kuma maganar magabata ta faɗa kunnensa.

A nan nake yanke babin, a kan gyaran muryar, kafin Baba ya ce uffan. Barkwanci suyar ƙosai ne: ka tsame da wuri cikinsa ɗanye, ka ƙara minti ɗaya ya ƙone. Dole ne kuma mai karatu ya riga ya ga jan babur ɗin nan a ƙofar gidan tun babi biyu baya, a gilme kawai, ba tare da na nuna masa da yatsa ba. In bai gani ba, ihun yaron ba shi da ma'ana. In na nanata da yawa, ya harbo jirgina tun kafin a shiga zaure. Maganar yaron ma sai an aske ta. In ya tsaya yana bayani, "Yaya, ga wannan mutumin da yake zuwa kullum da jan babur ya zo," shi ke nan an kashe ta. Yaro mai naira hamsin a hannu, hankalinsa na wajen mai alewa, ba ya dogon zance.

Ku lura, babu wanda ya yi ƙarya, babu mugu ko ɗaya a gidan. Washegari Baba ya cika da murna, yana cewa yaron nan ɗan mutunci ne, ya san ya kamata, ya fara da babba. To wa zai buɗe baki? Malam ba zai dubi dattijo ya ce kuskure ya yi ba. Aboki ba zai ce dama ni nake zagayowa ta bayan fage ba. Ƙanwa ba za ta ce nawa ne ba, a ce ta yi wa yayarta ƙwace. Mutum ɗaya ne ya san komai, shi ne ƙanen, kuma kowa na toshe masa baki da 'yan canji. Kafin a kai tsakiyar littafi ya zama mai kuɗin gidan, har uwarsa na rance a wajensa.

Na ji ka, Alhaji, kana cewa ai da sai ya faɗi gaskiya kawai a huta. Kai ne mai faɗar haka? Kai da surukinka ya shekara da shekaru yana kiranka da sunan yayanka, kana amsawa da "na'am, Baba"?

Maganganun da ke bakin taurarin nan ba daga kaina suke fitowa ba, kunne nake kasawa. Gidan kitso, cikin adaidaita sahu, layin awo a asibiti, bayan gida inda ake girkin biki. Ba asirin mutane nake ɗauka ba, kada ku fara gudu na. Yadda ake murɗa magana nake ɗauka: yadda mace za ta ce "ai ba komai" ka san akwai komai, yadda dillaliya ke yabon lefe tana kushe shi a numfashi guda. In na gama babi sai in karanta wa wata gwaggona da ba ta yi boko ba, tana tsintar shinkafa. In hannunta bai tsaya ba, babin ya faɗi. In ta ajiye faifai ta ce, "Ja'irin yaro!" to ya tsira. Ba ta taɓa jin kalmar jigo ko salo ba, amma ban ga manazarcin da ya kai ta rashin sani da sabo ba.

Gidan da kowa ke jin kunya yana buƙatar mutum ɗaya da aka yafe wa, in ba haka ba labari ya shaƙe. Shi ya sa ba na littafi babu kaka. Ita ce ke kiran jikanta "maigida", ta kira jikanyarta "kishiya", ta faɗi abin da uwa ba za ta iya ba, a yi dariya, amma saƙo ya isa. In kaka ta gaji, ga taubasai, 'ya'yan wa da ƙanwa, waɗanda har kuɗin shara suke bin juna a watan cika-ciki. In ana son ƙarin yaji sai a mai da saurayi Bakano, budurwa Bazazzagiya, ko a haɗa Bafulatani da Babarbariya a ja gefe. Wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne, don a 2014 hukumar UNESCO ta sa irin na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke tattali. Sai dai yana da ƙa'ida. Wanda babu wasa tsakaninku, in ka taɓa shi zagi ne, kuma marubucin da ke neman dariya da gurgu ko mai in'ina, wannan ya rasa abin faɗa ne.

Ga ƙanena ɗan jami'a can ya gyara tabarau, yana jira in numfasa ya ce duk wannan Adabin Kasuwar Kano ne. Ƙanena, sunan ma ba kai ka raɗa ba. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba mana shi tun ba a haife ka ba, aka yi ta fafatawa a jaridu cikin shekarun 1990, su Abdalla Uba Adamu na kare mu, wasu na haƙa mana kabari. Kabarin na nan, gawar ce har yau ba a samu ba, kuma a sashen da kake karatu a kan littattafan nan ake rubuta kundin digiri. Koma ka duba gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ruwan Bagaja da ka haddace don jarrabawa, in ka cire neman ruwan, me ya rage? Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ɗana wa juna tarko gari-gari. Jiki Magayi kuma, ɗan zamaninsa, saurayi ne da budurwa da mai kuɗin da ya shiga tsakani. Ka ga ashe dariya da soyayya tare suka shigo rubutun boko na Hausa, mu aure kawai muka ɗaura musu. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ma da ya fito a 1980, kamfanin ɗab'i na Zariya ne ya buga shi, ba a rumfar kasuwa aka haife shi ba. In kuwa sayarwa a kasuwa ne laifin, ka faɗa mini inda kake sayen naka littattafan.

Na baya gare shi kuma cewa yake satar fim ɗin Indiya muke. Ba zan rantse wa kowa ba, akwai masu kwafe fim fitowa-fitowa, sai dai a cire sari a sa atamfa. Amma nuna mini fim ɗin Indiyan da ƙane ke karɓar kuɗin aike a zaure, ko kaka ke kishi da amaryar jikanta. Aro kuwa ba a kanmu aka fara ba. Manazarta sun bi sawun labaran Magana Jari Ce har cikin Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, kuma akun da ke ba da labari don ya hana wani fita gida tsohon baƙo ne a littattafan Indiya da Farisa. Abubakar Imam ya sa masa rawani, kuka ce gwani, kuma gwanin ne. Sannan ga wata: a 2012 wani kamfanin ɗab'i na birnin Chennai, a can Indiya, ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Su ma sun zo ɗiba a rijiyarmu.

Baba, ina wuni? Na durƙusa, don kai ba abokin wasana ba ne. Ka ce littattafan nan na ɓata 'yan mata, kuma ba kai kaɗai ka faɗa ba. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, a 2007 kuma, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, har wuta aka cinna wa wasu littattafai a bainar jama'a. Ban ce babu ɓata-gari ba. Akwai masu zuba batsa a waya suna kiranta labari, kuma mu suka fi cuta, don da tsintsiya ɗaya ake share mu. Amma Baba, ka duba lamarina da kyau. Ni kunya ce jarina. Ran da saurayi zai iya kama hannun budurwa ya faɗa mata abin da ke ransa kai tsaye, littafina ya ƙare a shafi na biyar, na rasa na cefane. Taurarina ko tabarma ɗaya ba sa zama. Ni da kai ashe jam'iyyarmu ɗaya, kai kana tsare zauren don tarbiyya, ni ina tsare shi don abinci. Kuma ka tambayi matan gidanka waɗanda karatunsu ya tsaya da wuri, da me suka riƙe bokon bai gudu ba? Ita kanta Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan karatun 'ya mace. In wannan ɓarna ce, to mai tsada ce.

Da, sai ka gama littafi tsaf, a kai maɗaba'a, a raba shi uku, 'yan kasuwa su baza a Sabon Gari. Yanzu da yawanmu a WhatsApp da Wattpad muke sakinsa shafi-shafi, mai karatu na tsaye a wuyanka. Kafin gari ya waye saƙo ya zo daga Maraɗi, ya zo daga zangon Kumasi: "Wallahi Anti in kika aura masa Yaya na fita daga guruf ɗin nan." Mai labarin kuka na iya bin ra'ayin jama'a, ta ƙara kashe wani in an nema. Ni ba dama. Abin da zai ba da dariya a babi na ashirin tun a na uku ake binne shi, kuma shafin da ya fita ya fita, ba a komawa a jingine babur a ƙofar gida bayan mutane sun wuce. Don haka sai na san inda kowa zai kwana kafin in saki shafin farko, in ya so a yi ta barazanar fita. Ba sa fita, sun riga sun biya.

Babin da ya fi cin raina kuwa babu dariya a cikinsa ko ɗaya. Duk tsawon labarin nan Yaya ce abin dariya, amaryar kuskure, ana ta yi mata ɗinki tana sunkuyar da kai. Sai wani dare, tana matsa wa Kaka ƙafa, ta ce, "Kaka, na sani fa. Tun daren farko na sani." Shekara nawa tana zuwa bikin ƙawaye ana tambayarta "har yanzu dai?" Mai jan mashin na asali ya yi ta zarya, bai taɓa ambaton magabata ba. Daren nan a zaure wani ya faɗa mata maganar da ba a taɓa faɗa mata ba. Ta san ba tata ba ce, amma ta tsaya ta ji har ƙarshe. Kaka, mai bakin da ba ya shiru, ta kasa cewa komai. A nan nake son wanda ya yi ta ƙyaƙyata ya ɗan ji kunyar kansa. In babu wanda zai ji ciwo a labari, dariyar ta wasan yara ce, a tashi a kakkaɓe riga. Bayan wannan babin barkwanci na dawowa, amma yanzu mai karatu na tsoron kada a ɓata wa Yaya, kuma wannan tsoron ne ke hana shi barci. Yadda Kaka ta warware ƙullin ba tare da kowa ya ji kunya ba, har mai jan mashin ya tsinci kansa durƙushe gaban Baba, wannan sai ku saya. Ni ma da shi nake ci.

Saura ke, Hajiya, da kike can gefe kina taɓe baki. Ke ba ki ce ɓarna ba ce, ba ki ce sata ba ce, cewa kika yi ƙarya ce. Kin shekara ashirin a ɗaki, kin san bayan biki ba haka abin yake ba, babu jawabi, sai "ina abincina?" da "wa ya taɓa mini caja?" Gaskiyarki, Hajiya, ban musa ba. Shi ya sa nake ajiye biro a daren sayen baki, amarya ta lulluɓe ta ƙi magana, abokan ango na ta ciniki da ƙawaye, ana ƙara kuɗi ana roƙo don dai ta ce uffan. Abin da ya biyo baya, na cefane da kishiya da dangin miji, su Hajiya Balaraba sun rubuta shi, kuma sun fi ni iyawa. Amma in Alhaji ya dawo yau, ki tambaye shi ko yana tune da nawa aka biya a daren nan don ki buɗe baki. In ya tuna, sai ki tambaye shi nawa zai bayar yanzu ki rufe.